Keken da Ba Ya Aruwa

"Sau nawa zan gaya miki? Ba zai iya ba!"

"To ka bari ya gwada mana, Malam. In ya faɗi ai ƙashinsa ne zai karye, ba naka ba."

"Ƙwan mutane fa? Shi ma ƙashinsa ne?"

Bangon da ya raba ɗakinmu da na Dogo bulo ɗaya ne, maginin kuma ya yi rowar siminti, don haka duk gidan hayar nan babu wanda ya kai mu sanin halin da aurensa yake ciki. Ranar Asabar ce da hantsi, matarsa tana magana tana buga murfin tukunya.

"Litinin fa mutumin nan ya ce. Litinin! In bai ga keke a ƙofar sito ba, ya ba mai babur aikin. Me za mu ci? Tsawonka?"

"Ki rage murya, kina tara mana jama'a."

"Su taru! Ai sun san ka."

Mun san shi kuwa. Shekara goma sha tara Dogo yana rarraba ƙwai a keke, daga siton wani mai gonar kaji zuwa ƙananan shaguna. A duk tsawon shekarun nan bai taɓa faɗuwa a titi ba, sai ga shi santsin banɗaki ya kayar da shi, gwiwa ta goce, likita ya naɗe ta ya ce sati shida ba hawan keke. Mai sito ya ce ƙwai ba ya jiran gwiwar kowa: ko Dogo ya turo wanda zai riƙe masa aikin, ko a ba wani mai babur da ya daɗe yana zarya. Matar Dogo tana da ƙane, magidanci ɗan shekara arba'in da aka sallama daga wani kamfanin lodi, yana zaune ba aiki. Duk gidan Kawu muke ce masa, bin bakin 'ya'yanta. Shi take so ya hau keken. Maganar ke nan da Dogo ya ce ba za ta yiwu ba.

A ba shi haƙƙinsa, ya iya haɗa keke. Lokacin da ya saye shi, keke ne kamar na kowa. Ya cire kariyar baya da kamfani ya sa, wadda ko buhun gawayi ba za ta ɗauka ba, ya sa aka ƙera masa wata da ƙarfen rodi, mai faɗin kiret biyu a jere. Ya shimfiɗa katako a kai, ya yanko soson tsohuwar katifa ya manna, don kada ƙwai ya ji ramin hanya. Ya sauya wayoyin tayar baya da masu kauri. Ya sa jak mai ƙafa biyu, yadda keken zai tsaya cak ana lodi ba sai an jingina shi da bango ba. Igiyar ɗauri kuwa ba ya yarda da ta kasuwa, tsohon tiyub yake yankawa siri-siri, wai roba tana riƙewa ba ta matsewa. A gaba akwai kwando na famfo da sifana da kayan faci. Kiret ashirin yake ɗorawa, ya fita kamar mai ɗauke da bene.

Wannan rabin aikin ke nan, rabin da yake nuna wa baƙo. Ɗaya rabin mu 'yan gida muka san shi da jikinmu.

Gidan haya gidan aro ne. Guga, tsani, dutsen guga, caja, babu abin da yake kwana a ɗakin mai shi. Keke kuwa a irin gidan nan ai ya zama na al'umma. Dogo ya san haka, kuma ba ya son a ce masa marowaci. Sai ya ɗaga sirdin har ƙarshen ƙarfensa, daidai ƙafafunsa masu kama da na raƙumin dawa, ya kai wa mai walda ya liƙe shi a nan. Sannan ya juya wayoyin birki, na gaba ya koma hannun da kowa ya saba kama na baya. Ya karkata kan keken kaɗan zuwa hagu, ya ɗaure notin tamau, ya ce nauyin kaya ne yake buƙatar haka.

Daga nan bai ƙara hana kowa ba. Ka zo ka ce, "Dogo, a taimaka da keke, zan je kemis," sai ya washe baki.

"Haba, har sai ka tambaya? Ga shi can, ɗauka."

Telan da ke ɗakin ƙofa ya ɗauka. Ya hau dakali, ya ɗare sirdi, ƙafafunsa suna lilo suna laluben feda kamar mai neman takalmi a duhu. Ya sauko, ya yi godiya, ya tafi a ƙasa. Malamin makarantar da ke ɗakin ƙurya yana da ɗan tsawo, ya samu ya kai bakin titi, akuya ta gitta, ya damƙi birkin da ya saba, keken ya tsaya shi bai tsaya ba. Dogo ne ya fara zuwa duba shi, har da lemo a leda.

"Sannu, Malam. Ni ma ina faɗa, keken nan sai wanda ya san shi."

Shekaru muna cewa rowa ce. Amma marowaci ba ya zaɓe, Dogo kuwa zai ba ka dutsen gugarsa ka ƙona, bai ce uffan ba. Keken ne kaɗai. Sai wanda ya taɓa bin sa sito ya ji yadda yake magana a can zai fara gane bakin zaren. Mai sito bai taɓa hawa keke ba a rayuwarsa, Dogo kuma ya yi shekara goma sha tara yana karanta masa cewa ƙwai ya san hannu. Wai akwai yadda ake shiga kwana da kiret ashirin, akwai yadda ake numfashi a gangara, wai ya taɓa koya wa mutum uku duk suka gudu. Yana fita ƙarfe bakwai, ba ya dawowa sai la'asar, ya shigo yana jan ƙafa, fuska a yamutse kamar wanda ya dawo daga yaƙi. A gida ma haka. In ya shigo, yara su yi tsit, a kawo ruwa, a kawo mafici. Ba wanda ya isa ya aike shi ko ya tambaye shi, Baba ya gaji. Da wannan gajiyar ya yi mulkin ɗakinsa, da ita ya guje wa zuwa gaisuwa da aikin gyaran kwata, da ita 'ya'yansa suka girma suna ganin ubansu yana yin abin da ba kowa ke iyawa ba.

Ranar Lahadi da safe aka kai shi asibiti a sake naɗin gwiwa. Motar da ta ɗauke shi ba ta gama fita layi ba matar ta yafa mayafi ta kira Kawu. Su biyu suka tura keken zuwa wurin mai walda. Tela ya bi su, wai zai sayo zare, alhali shagon zare yana ɗaya gefen. Shi ya ba mu labarin cewa mai walda ya dubi sirdin ya yi dariya.

"Ai ni na liƙe shi. Na tambaye shi dalili, ya ce ɓarayi."

Minti goma aka yanke waldar, sirdi ya sauko daidai Kawu. Mai faci na kusa ya mayar da birki inda Allah ya nufe shi, ya miƙe kan keken, bai ma karɓi komai ba don daɗin labarin.

Da Dogo ya dawo ya ga keken a tsakar gida ya rage tsawo, mun zaci rufin gidan zai tashi. Amma ina. Ya dogara sandarsa ya zagaya shi sau ɗaya, ya taɓa inda aka yanke, sannan ya nemi kujera ya kira Kawu. Ya fi awa yana yi masa huɗuba: shago ashirin da uku, ramin da ke gaban gidan mai, gangarar bayan makaranta, karen mai wanki.

"In ka ji kiret ya yi ƙara, kada ka waiwaya. In ka waiwaya, ka gama."

"To, Yallaɓai."

"Ba wasa nake ba. Ƙwai ɗaya ya fashe, sunana ne ya fashe."

"Yallaɓai, shekara goma ina ɗaukar firji a ka. Ƙwai dai ba ya cizo ko?"

Dogo ya yi murmushi, irin na wanda ya ga makaho ya nufi rijiya kuma ya riga ya yi masa gargaɗi a gaban shaidu. A fuskarsa muka karanta cewa ya gama shirya jawabin da zai yi gobe in an dawo masa da keke yana ɗigar gwaiduwa.

Litinin, ana kiran azahar, muka ji ƙararrawa a ƙofar gida. Kawu ne ya shigo yana fito da baki, kiret ashirin babu komai a ciki, an ɗaure su tsaf. Rigarsa ko jiƙewa ba ta yi ba.

"Yaya! Fito ki ji albishir. Mai sito ya ce Yallaɓai ya kwanta ya warke, aikinsa na nan."

Matar ta fito da hannu duk kumfa tana hamdala. Dogo yana zaune a ƙofar ɗaki, ƙafa miƙe a kan bokiti.

"Nawa ka fasa?"

"Ko ɗaya."

"Shago nawa ka tsallake?"

"Ashirin da uku ka ce, ashirin da uku na je. Ai duk a kan titi biyu suke, Yallaɓai. Keken nan kuwa ka haɗa shi, wallahi kamar jirgi, shi yake kai kansa." Kawu ya karɓi kofin ruwa ya shanye, ya goge baki. Da ya tsaya nan da an rabu lafiya, amma bakinsa ba shi da birki, na gaba ko na baya. "Af, mai shagon ƙarshe yana gaishe ka. Ya ce bencin bayan shagonsa ya yi kewarka, tun da ka kwanta ba wanda ya yi barci a kai. Shi kuma mai sito sai kallon agogo yake yana cewa, ashe abin ba wuya."

Tela ya shige ɗakinsa da sauri, muka ji dariyarsa ta fashe a can ciki. Malamin makaranta bai ɓoye tasa ba, ya shafa tsohon tabon da ke haɓarsa ya ce, "Ikon Allah." Matar Dogo ta dubi mijinta. Ba harara ba ce, kallo ne na wadda take lissafa ruwan da ta kawo da maficin da ta kaɗa. Sannan ta ɗauraye hannu ta ce za ta je gidan babbar 'yarsu ta kai labari, hankalin yarinyar ya kwanta.

Tana fita Dogo ya miƙe da sandarsa. Ya ce bari ya duba ko an ɓata masa wani abu, ya ja keken da hannu ɗaya har cikin ɗaki, ya saki labule. Daga la'asar har magariba ƙarar sifana muke ji da ƙananan ƙarafa suna faɗawa cikin gwangwani. Mutumin da likita ya ce kada ya durƙusa, ya yi awa uku a ƙasa. Da matar ta dawo mun kasa kunne, ba mu ji ko tari ba.

Talata ƙarfe shida da rabi Kawu ya yi sallama. Yayarsa tana zaune a kan turmi a tsakar gida, ta haɗa tagumi. Dogo ya ɗaga labule ya tsaya a ƙofa, ya cika ta da tsawonsa, amma ta gefensa ana hango ɗakin. Gangar jikin keken tana jingine da gado, tsirara. Tayoyin an zare musu wayoyi ɗaya bayan ɗaya an ɗaure su dami guda kamar tsintsiya. Sarƙa da boris ɗin tayoyi suna jiƙe a kananzir, kariyar da katakonta suna ƙarƙashin tebur. Ko mai facin da ya fi kowa hannu sai ya kwana biyu kafin ya mayar da shi keke.

"Yallaɓai, mene ne haka?"

"Sabis. Ka lalata masa boris jiya, ina ji tun daga ƙofar gida."

"Boris lafiyarsa ƙalau! Ƙarfe bakwai fa mutumin nan yake jira. In ban je ba ka san wanda zai ba."

"Na sani."

"Bari in nemo aron wani keken, ko na awa..."

"Wane keke ne a garin nan zai ɗauki kiret ashirin?" A nan kam gaskiya ya faɗa, har da ɗan alfahari a muryarsa.

Matar ta yi magana ba tare da ta ɗago ba. "Baban yara, abincin gidan nan ka kwance ka zuba a gwangwani. Ka faɗa wa ƙanena dalili, ni na riga na sani."

Dogo ya gyara riƙon sandarsa. Ya dubi tela da malamin makaranta da mu da muka fito da buta a hannu muka kasa wucewa, sannan ya sauke ido a kan Kawu.

"Je ka ce masa ya ba mai babur ɗin. Gara a ce inji ne ya karɓe aikina."