Tarhon Cha'ibu Alo

Ranar da tarhon Cha'ibu Alo ya yi ƙara, mai shi yana bayi yana wanka, kansa duk kumfar sabulu. Ni ina tsakar gidana ina gyaran igiyar guga. Katanga ɗaya ce ta raba mu, kuma ba ta kai kafaɗata ba. Da na ji ƙirrr ƙirrr daga zaurensa sai na ɗauka keken wani ne, don rabon da tarhon nan ya buɗe baki har na manta. Sai ga Cha'ibu ya fito a guje, ido a rufe saboda sabulu, ya laluba igiyar shanya ya fizgo abin da hannunsa ya taɓa. Ashe zanen matarsa Hajara ne, ja mai furanni. Ya ɗaura shi a baibai, ya taka kwanon tsakin kaji, ya zame, ya tashi, ya faɗa zaure daidai lokacin da matan unguwa suke shigowa yi wa Hajara barka, 'yarta ta haihu. Zanen ya kama ƙusar ƙofa ya tsaya nan, shi kuwa ya wuce. Mata suka juya baya suna salati. Wata tsohuwa ta ce ita dai ba ta ga komai ba, tana faɗa tana leƙe.

Ya ɗaga kan tarho, ya ce alo. Wani ma'aikacin kamfanin waya ne daga Damagaram. Ya ce gwaji suke yi, kuma a shirya, bayan damina za a kwashe tsoffin wayoyin sama na wannan ɓangaren gari, layin zai mutu. Ya kashe.

Na yi dariya ranar har haƙarƙarina ya yi ciwo, kuma ina da iko, Cha'ibu taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya. Kafin la'asar na kai labarin har tasha. Shi kuwa ko zanen bai waiwaya ba. Ya zauna a kan benci kumfa tana bushewa a kunnensa, sai da Hajara ta jefo masa riga ta bayan ƙofa.

Yaran yanzu ba su san wane ne Cha'ibu ba, gani suke wani tsoho ne mai gardama. Da can, kafin kowa ya sami waya a aljihu, zauren nan shi ne bakin unguwarmu kuma shi ne kunnenta. Kabin ake ce masa. Tarho ɗaya ne, mai toka-toka, a cikin ɗan ɗaki na katako da labule. Mazan da suka tafi cin rani Kano ko Legas ko Fatakwal nan suke bugowa. Mutum zai ce a kira masa wance, zai sake bugowa an jima. Sai Cha'ibu ya hau keke ya bi lungu yana kaɗa ƙararrawa, yana cewa wance ki taso, maigida na kan hanya. Har daga Dungu da Icirnawa mutane ke zuwa ranar kasuwa su yi layi a bencinsa. In kuwa rasuwa aka bugo, ba ya taɓa ƙararrawar. Duk matar da ta ga keken Cha'ibu ya shigo lungunsu shiru, tun kafin ya yi sallama ta fara kuka. Ya san wanda ya yi ciwo, ya san wanda aka kora daga aiki ya ce kada a faɗa wa iyali, kuma a ba shi gaskiyarsa, bai taɓa kai maganar wani gaba ba. Ni na sha ƙoƙarin tatsar sa, ban sami ko ɗigo ba. A wurin suna shi ake fara miƙa wa goro. Har tumbi ya ajiye.

Sai aka kafa dogon ƙarfen rezo, na sabis ɗin wayar hannu, bayan tasha, ja da fari. Salula ta shigo. Da fari alhazai ne kawai, daga baya har mai tallar ƙosai. Benci ya fara ragewa, ya koma mutum biyu, ya koma akuya. Sauran masu kabin suka juya, wani ya koma sayar da kati, wani cajin waya. Na ce masa ya bi sahu. Ya ce shi bai ga mutunci a abin da ake shiga da shi har makewayi ba, ya rantse hannunsa ba zai riƙe ta ba. Ya koma gonarsa ta hanyar Ɗan Barto yana noman gero da gyaɗa, tumbi ya tafi inda ya fito.

Wannan rantsuwar ce ta ɗaure shi. Ɗansa na fari, Marwan, ya tafi Legas cin rani. Da yake uban ba shi da wata lamba, kuma ya hana Hajara riƙe salula, a tarhon zaure Marwan ke kira, kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Lambar a kan yaron take, shi ya rubuta ta da fenti a jikin ƙofa. Wata Juma'a ya ce Legas ba ta yi ba, ya sami abokan tafiya za su yi Agadas, daga nan su wuce gaba. Ya ce in ya sauka zai bugo, Juma'a kamar kullum.

Bai sake bugowa ba. Yau 'yar da ƙanwar Marwan ta haifa bayan tafiyarsa ta isa aike kasuwa.

Wani Sadisu ɗan Dungu da ya dawo ya ce ya gan shi a Agadas yana jiran mota. Wani ya ce a can gaba ya ji sunansa. Wani ya buɗe baki ya rufe, ya ce Allah dai ya sa a gama lafiya. Hajara ta daɗe tana roƙo a tara malamai a yi wa yaron addu'a, ko ranta ya kwanta. Cha'ibu ya ce ba a gidansa ba. Kuma da yake ɗan fari ne, ko sunansa ba ya kamawa. In ka tambaye shi me ya sa yake riƙe da layin da babu mai kira, sai ya ce kayan sana'a ne, ba a yar da su. Kowa ya san abin da yake jira, kowa ya bar shi.

Kullum da safe sai ya ɗaga kan tarhon ya saurari gunjin nan na ciki kafin ya ɗauki fartanya. In aka yi iska da ruwa, shi ke bin falwayoyi ɗaya bayan ɗaya yana duba inda waya ta saki, ya ɗaure da robar taya. Manyan motocin da ke shigowa da kaya sama da kai suna jan waya, ya yi faɗa da direbobinsu ba adadi. Juma'a kuwa ko gaisawa ba ya tsayawa yi a ƙofar masallaci.

Bayan abin da ya faru na zane, ya ce zai je Damagaram ofishin kamfanin. Na bi shi, na ce kada ya je can ma ya tuɓe musu. Wata yarinya muka samu a bayan tebur, mai ladabi, ta ce Baba ai ci gaba ne, za a ba shi waya ta zamani da sabuwar lamba, ta fi tsohuwar kyau nesa. Ya ce shi tsohuwar yake so. Ta ce wannan lambar da layin take tafiya. Ya ce to a bar layin. Ta yi murmushi ta ce ba za a bar falwaya da waya saboda mutum ɗaya ba, me ke cikin lambar haka?

Cha'ibu ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Marwan ita kaɗai ya sani," ya ce.

Tun da aka haifi yaron ban taɓa jin sunan a bakinsa ba sai ranar. Yarinyar ta shiga ciki ta tambayo, ta dawo ta ce a yi haƙuri. A mota har muka iso garinmu Matamai ban sami abin tsokana ba, kuma na nema.

An gama yankan gero ma'aikatan kamfanin suka zo da tsani da mota. Cha'ibu da kansa ya kawo musu ruwa a kwano. Ya tsaya yana kallo suna naɗe wayar kamar masu naɗe igiyar rijiya. Ya roƙe su su bar masa guntun da ya taso daga ƙofarsa, suka bar shi, yana nan yana reto a jikin katanga. Da ya shiga ya ɗaga kan tarho, babu gunji. A makon Hajara ta toya waina ta raba wa maƙwabta, ba ta ce ta mece ce ba, mu ma ba mu tambaya ba. Shi bai ci ba.

Juma'ar da ta wuce na sauko daga masallaci na tarar da shi a zaure, ya goge tarhon tas, yana zaune gefensa da babbar riga. Bakina bai iya yin shiru ba. Na zaro salulata na kaɗa masa.

"Alo, gawa kake gadi? Ka karɓi irin wannan mana, mai rai."

Ya dubi salular, ya dube ni.

"Taka mai rai ce, taubashi, kuma 'ya'yanka da ke Kano duk sun san lambarta. Yaushe rabon da ta yi ƙara? Nawa dai an yanke masa layi. Naka me aka yanke musu?"