Hannun Sa'a: Daga Illo Zuwa Birnin Kebbi

Talata, Illo zuwa Bagudo

Ƙarfe biyar da kwata, ana fitowa daga sallar asuba, na kama hanyar tasha da Sa'a. 'Yata ce, shekararta goma, kuma hannunta na dama ya karye sau biyu cikin wata takwas, wuri guda, nan ƙasan kafaɗa. Na farko taɓarya ta ɗaga. Na biyu guga ta jawo daga rijiya, ko faɗuwa ba ta yi ba. Mai ɗorin garinmu ya ɗaure hannun da karare da tsumma, sannan ya ja ni gefe ya ce, "Malam Garba, ƙashin ɗiyag ga babu komi ciki. Wanga ba aikina ba na. Kai ta Birnin Kabi a yi mata hoto."

Inna, mahaifiyata, ba ta so ba. Har zaure ta biyo mu tana cewa, "Kowa anka kai asibiti da karaya, guntu shika dawowa. In sunka yanke mata hannu, kak ka shigo min gida." Sa'a tana tsaye tana ji. Ni ma da wannan tsoron na fita, ban dai faɗa ba.

Motar da muka samu ta mutum huɗu ce, aka zuba mu mu takwas, ga buhuna a baya. Na ɗora Sa'a a cinya, na tare mata hannun da ƙirjina. Tsakanin Illo da Kaoje na ƙirga shingen jami'an tsaro shida, daga nan na gaji na daina. Ko'ina sai an buɗe but ɗin mota an daddanna buhu. Bayan Kaoje ruwa ya ci hanya, kowane rami direba ya faɗa sai in ji yarinyar ta ƙanƙame rigata.

Na ce, "Direba, don Allah sannu-sannu, akwai mai karaya."

Ya ce, "Baba, ba ni na ba, hanya ta."

Mun haye kogin Kwara ƙarfe goma, muka shiga Bagudo sha ɗaya saura. Ƙafafuna sun mutu, sai da wani ya kama ni na sauka.

Koko, Jega, Birnin Kebbi

Mun iso Koko ƙarfe ɗaya. Na saya mata shinkafa da wake, ta zauna tana kallon kwanon. Ta rantse ba za ta ci da hagu a gaban mutane ba. Haka na zauna a bakin tasha, da gemuna da komai, ina ba ta a baki, masu shayi suna kallonmu.

A Jega muka yi la'asar, muka sake mota ta uku. Biyar da rabi muka shiga Birnin Kebbi, aka ce masu duba ƙashi sun tashi, sai gobe. Muka sauka wurin Alhaji Mamman, mutumin garinmu da ke sayar da busasshen kifi. Ya share mana gefen shago, matarsa ta aiko da tuwo da ruwan zafi. Warin kifin nan har yau yana jikin rigata.

Laraba, asibiti

Shida da rabi muna kan layin kati. Daga kati aka tura mu wani layi, daga can aka ce ba nan ba ne. Sha ɗaya aka ɗauki hoto. Sai ƙarfe biyu muka ga likita, wani siririn mutum da shi ma gajiyar ta fito masa a ido.

Ya ɗaga hoton wajen haske ya nuna mini. "Ka ga wannan baƙin wurin? Rami ne a cikin ƙashi, ruwa ne cike da shi. Yana samun yara masu tasowa. Ya cinye ƙashin ta ciki har ya zama kamar ɓawon ƙwai, shi ya sa abu kaɗan ke karya shi. Ga ma wani ɗan ɓalli nan ya faɗa ƙasan ramin."

Na ce, "Likita, daji ne?"

"Ba daji ba ne. Ba ya yaɗuwa, ba ya kisa."

"To hannun fa?"

"Hannunta na nan. Za mu rataye shi a wuya mako shida, karayar ta haɗe tukuna. Wani lokaci ramin yakan cike da kansa bayan karaya, amma ba kullum ba. Ku dawo a sake hoto. In yana nan, mu zuƙe ruwan da allura mu zuba magani. In ya ƙi, sai a kankare a cike shi da ƙashi. Ban da daka, ban da jan ruwa."

Daɗi ya rufe ni har na manta da mai hannun. Sa'a da yaren Dandanci ta tashi a ɗakin uwarta, Hausar likita mai sauri ba ta kama ko rabi ba. Likita ya nuna ɗaurin mai ɗori, ya ce wa nas, "A yanke wannan." Nas ta ɗauko wani ƙaton almakashi.

Kalmar "yanke" kaɗai yarinyar ta ji. Ba ta yi kuka ba, ba ta gudu ba. Sai na ga ta sa hannun hagu tana zare awarwaronta daga karyayyen hannun a hankali. Ta miƙo mini ta ce, "Baba, riƙe. Kas su yas da shi tare da hannun." Sannan ta rufe ido ta juya wa nas kafaɗa.

Na durƙusa a gabanta ina ce mata da Dandanci tsumma za a yanke, tsumma kawai. Ba ta buɗe ido ba sai da kararen suka zube a ƙasa, nas ta ce ta motsa yatsu. Yini guda ina tare mata rami a hanya, ban taɓa tambayarta abin da take tsammanin za a yi mata ba. Wannan ya fi gajiyar ci mini rai.

Alhamis, komawa

Mun bar Birnin Kebbi ƙarfe shida. Shingayen shekaranjiya suna nan inda muka bar su, ramukan ma haka. Ban ƙirga komai ba, barci nake ina farkawa. Ana kiran magariba muka shiga Illo.

Inna ko sannu da zuwa ba ta yi mana ba. Ta yaye mayafin Sa'a, ta kama yatsun ɗaya bayan ɗaya har biyar, sannan ta dubi farin ƙyallen da ke wuyanta ta ce, "Kwana ukku kunka yi don a sake tsumma?" Tana faɗa tana share ido da haɓar zane.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Alhaji Mamman da iyalinsa, da likitan nan da nas ɗinsa, da mai ɗorin da ya san inda aikinsa ya tsaya. Saura mako shida mu sake bin hanyar nan, kuma tun yanzu bayana ciwo yake.

Da safe na miƙa wa Sa'a awarwaronta. Ta girgiza kai ta ce in ci gaba da riƙewa, sai mun je hoto na biyun mun dawo.