Roda Mai Wasa Ba Labule

A Gozaki, in an ce Roda matar Bitrus, ɗinki ake fara tunawa, don kekenta ne ya suturta rabin matan unguwar coci. Amma abin da ya kai sunanta har Ƙarfi da Tsiga shi ne wasan Kirsimeti.

Da can a cikin coci ake yin wasan. Da an gama fitowa ɗaya sai a ja labule, a shiga jan benci ana gyara wuri. Kafin a buɗe, rabin jama'a sun sulale wajen kiɗa. Abin ya riƙa ci wa Roda rai, ita da ke shan wahalar koya wa samari abin da za su faɗa.

A 1976 ta sami dattawan coci, ta durƙusa gaban babbansu, Baba Yunis. "Baba, ku bar ni in fitar da wasan nan waje. Ba labule, ba jira."

"To, 'yata, ina za ki ɓoye masu gyaran wuri?"

"A gaba, Baba. Mutane na tafiya, gari na jiransu."

Ta shirya labarin wani falke da ya tafi neman ƙanensa gari-gari. An girbe dawa, gonaki fetal, 'yan kallo suka bi falken a ƙafa. Kayan wasan duka 'yan zana ne masu zaman gari da shuɗin zane mai zaman kogi. Da jama'a sun ba gari baya, sai Bitrus da abokansa su tuge zanar, su bi ta kwari a guje, su kafa ta bayan tudun gaba. Wanda ya fito a sarkin kasuwa nan, can shi ne mai fito a bakin kogi. In na gaba ba su shirya ba, Roda ta ɗauko waƙa, mata su amsa, tafiya ta yi sanyi ba wanda ya lura. Har Maguzawan da ba sa leƙa coci suka shiga ayarin.

Wata shekara aka haura tudu, sai ga shanun Buba makiyayi sun tumurmushe garin, suna cin zanar.  Roda ta matsa kusa da falken ta raɗa masa, shi kuwa ya ɗaga murya: "Lallai mun iso kasuwar shanu! Malam Buba, nawa wannan sa?" Buba da ya taho ba da haƙuri ya tsaya yana ciniki bil haƙƙi. Aka yi ta dariya, ayari ya wuce.

Bayan rasuwar Bitrus gwiwa ta kama Roda, bin ayari a ƙafa ya gagara. A 1987 'yarta Dinatu ta karɓi aikin, ta aro jaki, ta ce, "Inna, bana kallo za ki yi."

Aka aza ta a tsakiyar jama'a. Da aka haura tudu ta ga gari tsaye, har da hayaƙin girki, ba ta san lokacin da aka kafa shi ba. Ta share ido da bakin mayafi, ta ce wa mai jan jakin, "Yi a hankali, ɗana, kada mu riga mutane."