Kanwar da Muka Ba Babanmu

Babanmu manomin dabino ne a wani kwari gabas da Gure. Shekarar da ciwon ya kama shi na riga na yi aure, ina rubuta wa mutane wasiƙu da ajami a bakin kasuwa. Ya fara da ciwon kai, yana cewa kamar ana daka a ƙeyarsa. Sai haɓo, sai ganinsa ya dushe. Ƙafafu suka kumbura, in ka danna da yatsa ramin ya zauna. Fitsari kuwa ya koma ɗan kaɗan, ja kamar ruwan wankin nama.

Baffa, yayan babanmu, makiyayi ne. Ya zo daga Alakos da hantsi, ya dube shi sau ɗaya, yadda yake duban raƙumi.

"Ruwa ne ya tsaya masa. A jiƙa kanwa, da kauri."

Inna ta ce, "Yaya, mun ba shi shekaranjiya, kumburin ƙaruwa ya yi."

"Kaɗan kika ba shi. Shekara nawa ina ba dabbobi kanwa? Wacce ta taɓa kawo ƙarata?"

'Yan dubiya suka yi dariya. Dariya, a gaban mutumin da ko ido ba ya iya buɗewa!

Kwana shida ana ɗura masa, safe da yamma, kuma ni nake riƙe ƙwaryar. Yana kawar da kai yana cewa, "Ya isa, ɗana." Baffa ya ce a tallafe masa haɓa. Na tallafe, don a gidanmu ba a musu da babba. Rana ta bakwai fitsarin ya ɗauke ɗungurungum, jikinsa ya yi ta jijjiga, bayan azahar ya cika. Allah ya jiƙansa.

Sai da na tsufa wani likita a Damagaram ya auna ni, ya bayyana mini cewa in jini ya hau da ƙarfi yana ɓata ƙoda, kuma gishiri da kanwa ƙara masa wuta suke. Ajali na Allah ne, ban ja da wannan ba. Amma Inna ba ta san harafi ko ɗaya ba, ta gani da idonta, ta faɗa.

A zaman makoki na ji Baffa yana gaya wa mutanen garin Gamu cewa da matar ba ta yi rowar kanwa tun farko ba, da ƙanensa ya tashi. Inna tana bayan zana, ta ji. Ina zaune kusa da Baffa, na ci gaba da amsa gaisuwar masu ta'aziyya.