Ranar da Aka Hana Bahago Zabira

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar da aka gwada hannun yayana ba. Shi ya sa da na fara iya haɗa baƙi a ajin manya, na ce wannan zan fara rubutawa.

Gidanmu a Kucheri gidan wanzamai ne. A wancan zamani, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, ba a ba mai koyo zabira, wato jakar askake, sai dattawan sana'a sun zauna sun ga aikinsa da idonsu. Wanda ya ci ya shiga gari yana aski da ƙaho da kaciya. Wanda ya faɗi sai fartanya.

To, yayana bahago ne. Baba ya yi faɗa, ya yi duka, har ya gaji ya ƙyale shi ya koya da hagu a cikin gida. Kuma hannun nan, in ya yi maka tsaga, sai ka ga jini kafin ka ji aska.

Ranar gwaji dattawa suka zo daga Tsafe da 'Yankuzo, babbansu wani tsoho ne daga Bungudu. Ni aka ce a yi wa ƙaho, don noman damina ya bar ni da ciwon baya. Na tuɓe riga na zauna a kan turmi. Yaya ya kafa ƙaho ya zuƙa, fata ta taso, ya cire, ya ɗauki aska.

"Kai, tsaya!" in ji tsohon. "Da hannun tsarki za ka taɓa jinin mutum?"

Baba ya ce, "Malam, a yi haƙuri, haka Allah ya yi shi. A dubi aikin."

"Aikin muka zo dubi. Gobe jinjiri za a miƙa mishi. Wace uwa za ta yarda a sa wa ɗanta hagu a baki? Shi juya hannu."

Yaya ya mayar da aska hannun dama. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Ƙanena, ka yafe ni." Tsagar farko ba ta shiga ba, ta biyu ta zarce. Na cije haƙori ban yi ko tari ba, don kada a gane, amma jini ba ya rufa asiri, sai da ya jiƙa mini wando. Nan da nan yaya ya yar da askar, ya danne wurin da hagu, ya barbaɗa garin bagaruwa, jinin ya tsaya. Wannan kam ba wanda ya duba. Tsohon ya kakkaɓe riga ya ce, "Hannu bai nuna ba." Aka ba wani ɗan baffanmu, wanda shi ma yake koyo a gidan, zabirar.

Bayan girbi yaya ya tafi Gusau aikin hanyar jirgi, ya kama diga. Can ya zauna har ya rasu, bai sake riƙe aska ba. Baba kuwa, duk sanda aka kawo zancen, sai ya ce, "Da ma na sake magana a ranar nan."

Dattawan nan ba mugaye ba ne, tsoron mutane suke ji. Amma sun zo gwada wanzami, suka gwada hannun da bai taɓa koyon aiki ba. Abin da na koya ke nan: in za ka auna gwanintar mutum, bar shi ya yi aikin yadda ya iya tukuna, sannan ka yanke hukunci.