Zanen Sallar Da Na Ɗaura Wa Masu Kyamara

Me ya sa alherin da ya sauka a gidan aminiyata ya fi yunwar cikina yi mini zafi? Shekara biyu ke nan ina tambayar kaina, ban samu amsa ba. Ban yi boko ba, wata malamar asibiti da ke haya a gidanmu ce take rubuta muku abin da nake faɗa, ina yi ina share hawaye. A lokacin ni tsohuwa ce mai sana'ar daddawa a Zuru, mijina ya daɗe da rasuwa. Katanga ɗaya ta raba ni da aminiyata, ita ma mijinta ya rasu, daga Wasagu aka kawo ta aure. Shekara talatin tukunyarmu ɗaya: tare muke dafa kalwa, mu surfa, mu wanke a rafi, mu rufe ta da ganye har ta nuna, ranar kasuwa kuma mu zauna a rumfa ɗaya. Ba na kiran sunanta, ba ta kiran nawa, sai dai Ƙawa.

Wata rana mai unguwa ya aiko cewa gobe baƙi za su zo daga gidan talabijin. Wata gasa ce aka shirya: ana ba samari da 'yan mata kayan taimako, kowa ya nemo mabuƙaci ya ba shi a gaban kyamara, masu kallo su zaɓi wanda kyautarsa ta fi taɓa zuciya. Ni da na ji an ce baƙi, sai na yi abin da uwata ta koya mini. Na share gida, na yayyafa ruwa, na ɗaura zanen sallata, na aro kujeru, na yanka 'yar kazar da ta rage mini. Da wata yarinya 'yar takara da ta zo da su ta tambaye ni yadda nake rayuwa, na ce alhamdulillahi, ban rasa komai ba. A garinmu wa ke buɗe wa baƙo cikinsa? Suka ci kaza, suka yaba miya, suka zaga gidan Ƙawa.

Ita kuwa ranar ita ce da wuta. Suka same ta durƙushe gaban tukunya da tsumman aiki, hayaƙin ɗanyen icce ya sa idonta na zuba. Suka tambaye ta wa ke kula da ita, ta ce Allah. Shi ke nan. Aka ba ta injin niƙa, aka sake mata rufin ɗaki da kwano, aka nuna ta ƙasa duka na kallo. Da yamma ta shigo tana dariya, tana ce mini hayaƙi ne fa ya yi mata kukan, in da ta san haka yake da albarka da tuni ta daina hura wuta da busasshen icce. Na yi dariya da baki kawai.

Daga nan ƙarar injin nan ta zame mini ciwo. Ruwa ya sauka a kwanonta ina ji, ɗakina na yoyo. Mutane daga Danko da Kanya suna zuwa rumfarmu suna tambayar daddawar matar talabijin, alhali hannuna ne ya mulmula rabinta. Ta ce in riƙa kawo niƙana kyauta, na ce ina da ƙarfin dakana. Ta aiko mini da gari, na zuba wa awaki.

Ana cikin haka wani saurayi, abokin takarar yarinyar, ya zo unguwa yana bincike ko zai samu abin da zai kayar da ita. Ƙawa tana da ɗa guda, soja ne. Shekara goma sha ɗaya bai zo ba, bai aiko ba, bai kira ba. Saboda kunya take gaya wa mutane an kai shi nesa. Ni kaɗai na san gaskiya, don a kafaɗata take kukansa. Na gaya wa saurayin tana da ɗa mai albashi, na faɗa masa barikin da yake. Sauran na haɗiye. Ban yi ƙarya ba, haka na riƙa gaya wa kaina.

Ranar Asabar bayan la'asar muka taru a shagon mai janareta ana kallon shirin, tana zaune kusa da ni. A cikin shirin suka kira ɗan a waya. Don ya wanke kansa, ya ce duk wata yana yi wa uwarsa aike, bai san me ya kai ta roƙo ba. Wata a shagon ta yi tsaki. Ƙawa ta tashi, ta gyara mayafi, ta fita. Ba a karɓe injin ba, amma babu wanda ya ƙara kawo niƙa. A kasuwa ana ce mata Hajiyar hawaye. Ta daina fita, ta daina cin kirki, kafin lokacin kaka ta kwanta ciwo.

Ina roƙon masu shirya irin wannan gasa su sani, talakan da ya fi iya ɓoye talaucinsa ba shi ne ya ƙoshi ba, kuma bayan sun naɗe wayoyinsu mu ne za mu ci gaba da zama da juna. Ku kuma mata 'yan uwana, in kuka ji zuciya na ƙuna don an ba maƙwabciya, ku kama bakinku har ta huce. Sirrin da aka ba ku ana kuka ba makami ba ne. Ni na yi amfani da nawa sau ɗaya, ga ni ina dafa kalwa ni kaɗai.

Sai da jikinta ya yi tsanani na iya shiga ɗakinta, da niyyar in faɗa mata komai. Na durƙusa, na buɗe baki, ta riƙe hannuna ta girgiza kai. Da hantsi washegari aka kai ta makwancinta. Abin da ta ce mini a ɗakin ke nan, ba ta ƙara wata magana ba:

"Na sani, Ƙawa, ke kaɗai kika san barikin. Bar kuka. Ko ba komai, kin sa na ji muryarsa."