Farin Ƙyallen Kakarmu

Jiya ina gyaran akwati sai hannuna ya faɗa kan wani ɗan farin ƙyalle shara-shara, wanda bai fi tafin hannu biyu ba. Na zauna ina ta dariya ni kaɗai, har 'yata ta leƙo ta ga ko lafiya.

Ƙawata, kin san a ƙauyenmu na gabas da Daura, idan damina ta sauka ba mai wahalar da kansa zuwa rijiya. Tafki na nan bayan gari cike fal, ruwansa jaja-jaja mai ƙanshin ƙasa. Kowa kamfata yake ya sha, ban da kakarmu. Ita farin ƙyalle take ɗaurawa a bakin randa, duk tulun da aka kawo sai ruwansa ya bi ta ciki. Mu jikoki mun tsani aikin nan, domin sai ka riƙe tulu har kafaɗarka ta ƙage.

Kakanmu kuwa abin ba'a ya mai da shi. "Ke dai da ƙaƙale kike," yakan ce mata. "Ruwan da Allah Ya saukar daga sama za ki yi wa tankaɗe kamar garin tuwo?" A hanyar gona sai ya cika gorarsa a tafki, babanmu da ƙanensa su ma su cika tasu.

Wata damina, gero ya kai gwiwa, ciyawa na neman noma, sai bororo ya fito wa kakanmu a idon sawu yana zafi kamar wuta. Da ya fashe sai ga farin kan kurkunu, tsutsar nan mai kama da zare. Kafin a ce kwabo babanmu da ƙanensa su ma sun kwanta. Mata da yaran gidan, masu shan ruwan randa, ko ɗaya bai kama ba.

Kurkunu ba a yi masa gaggawa, in ya tsinke ƙafa kumbura take. Kullum da safe kakarmu ta wanke wurin da ruwan ɗumi na ganyen darbejiya, ta shafa man shanu, ta naɗe ɗan abin da ya fito a jikin tsinke. "Tsautsayi ne," in ji kakanmu. "Ruwan bara ne ya zo gaishe ka, Malam," ta ce, ba ta ko ɗaga kai ba.

Muna dariya, amma gaskiya tsoro ya kama mu. Ciyawa ta fara shanye gero, kuma geron nan shi ne tuwonmu na shekara. Kakarmu ta yafa mayafi ta bi gida-gida ta kira gayya. A ranar gayyar, gonarmu ta cika da samari da fartanyu, muka kai musu fura ƙwarya-ƙwarya, kowace da tataccen ruwa aka dama ta. Gero ya tsira, rumbu ya cika.

Ranar da kakanmu zai koma gona ya yafito ni, matarsa ta wasa, ya rage murya. "Amarya, je ki yago mini gefen ƙyallen nan in ɗaura wa gora. Kada ta gani." Ina isa bakin randa sai na ga kakarmu tsaye tana murmushi. Ta kwance bakin zaninta ta fito da ɗan ƙyalle, an riga an yanke shi, har da dajiya a ɗinke a gefensa. "Kai wa mijinki. Tun bara na ɗinka masa."

Yanzu akwai rijiyar burtsatse a ƙauyen, kurkunu ya zama labari. Da na kwatanta wa 'yata sai ta ce tatsuniya nake yi, na kuma gode wa Allah da ba ta yarda ba. Na ninke ƙyallen na mayar akwati. Har yau tsakiyarsa jaja-jaja ce, daidai faɗin bakin gora.